Farin Fenti a Bangon Majami'a

Mai zane yana saman tsani lokacin da baffansa ya shigo majami'a da bokitin farin fenti. Tsohon nan shi ne babba a dattawan majami'a, kuma ba ya ɗaukar kaya sai da dalili.

Aikin da aka ba mai zane ba ɓoyayye ba ne: ya zana annabcin nan na ranar da dukan al'ummai za su ajiye makami su juyo ga Allah. Shi kuwa, uban gaskiya, da aka ce duka sai ya ɗauka duka ake nufi! Ya zana har mutanen ƙetaren kogi, da irin ɗaurin kansu. Su ne suka kashe ɗan baffa a rikicin bara. Su ne kuma dangin matar mai zane, wadda tun lokacin take zama ita kaɗai a bencin baya.

"Sauko ka shafe waɗannan," in ji baffa.

"Baffa, ba ni na faɗa ba. Cewa aka yi dukan al'ummai."

"Ni za ka koya wa Littafi? Tun ba a haifi ubanka ba nake karanta shi."

Mai zane bai sauko ba. Ya san in fuskokin nan suka tafi, matarsa ba za ta sake taka ƙofar nan ba.

Baffa ya tsoma buroshi da kansa. Ya shafe mutum ɗaya, ya shafe na biyu. A na uku ƙarfinsa ya ƙare, ya fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana haɗiyewa.

"Na yarda za su zo," ya ce. "Amma wata rana aka ce, ba yau ba. Ka bari a binne ni tukuna, sai ka mayar da su."

Ashe matar mai zane tana bakin ƙofa da kwanon abincin mijinta. Ta durƙusa ta gaishe da tsohon yadda ta saba, sannan ta ɗago.

"To ni fa, Baffa? In jira a waje har ranar?"

Baffa ya dube ta, ya dubi fuskokin da suka rage a bango. Fentin yana ta ɗiga daga buroshi a kan takalminsa.