Muryar Mama Lucy a Firiza

"Matsar da kunun ayan nan gefe, Perpetual, a can ƙasa za mu sa shi."

Maitama ne ke magana, yana rungume da hard disk ɗin Baba Bernard, wato ma'ajiyar cikin kwamfutarsa, da ya naɗe cikin leda uku ya ɗaure da roba. Perpetual, 'yar Baban, ta dube shi, ta dube ni, hannunta na kan murfin firizar da take sanya kayan sana'arta.

"Anti Murja, da gaske ne? Muryar mamana a cikin zoɓo?"

Kunya ta kama ni. Shekara tara ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ni ce mai yi wa daraktoci faɗa idan sun yi wasa da ajiyar takardunsu, ga ni yau a tsaye ana cusa na'ura tsakanin robobin kunu kamar ragowar nama. Na ce mata ta rufe kawai, kada sanyin ya fita.

Baba Bernard shi ne mai gidan da nake haya a Kuje, ƙofata na kallon tasa. Gbagyi ne ɗan asalin nan, da keken rubutu ya fara aikin gwamnati, ya gama da kwamfuta, ya yi ritaya ya koma gonar doyarsa. Duk Asabar da hantsi muna zama a gindin bishiyar yazawar tsakar gida, mu huɗu, ba mu da aiki sai musu a kan na'urori. Hanif, ɗan hayan ɗakin baya, mai rubuta manhaja ne, kuma ko miya ce ta yi gishiri sai ya ce da Linux, manhajar da ya fi ƙauna, aka bi da ba a yi haka ba. Maitama gyaran waya yake yi a kasuwa, ra'ayinsa guda ne tun da na san shi: kowace sabuwar waya tsohuwa ce aka ƙara mata ido a baya. Ni kuwa wa'azina backup ne, wato a kwafi komai a ajiye a wuri na biyu, har suka raɗa mini Hajiya Backup.

Baba ya fi mu duka taurin kai. Da an ce update, wato sabunta manhaja, sai ya ɗaga hannu.

"Abu yana aiki lafiya, me ya sa za ka taɓa shi? Yaran nan na turai ba su da gona, shi ya sa."

Ya kuma ce a duk duniya bai ga maƙaryaci kamar koren layin nan na allon kwamfuta da ke cewa saura minti biyar ba. Yana da tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya tun 2007, bai taɓa haɗa ta da intanet ba, wai kada ta ɗauko cuta. Kullum tana lulluɓe da wani yadin atamfa da matarsa, Mama Lucy, ta ɗinka mata daidai jikinta. Mama Lucy 'yar Kafanchan ce, don haka Hausa suke yi a gida. Ita ke jan waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, shi kuma ya naɗi waƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin makirfo. Shekara shida da rasuwarta, kuma babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan kwamfutar.

Na sani sarai. Ya fi sau goma yana ce mini, "Hajiya Backup, yaushe za ki kwashe mini mamanki?" Ni kuma in ce, "Asabar mai zuwa, Baba." Asabar ta zo mu zauna, Hanif ya ɗauko labarin AI, na'urar nan mai kwaikwayon basirar mutum, Maitama ya ce ƙarya ne, mu kaure har azahar, kowa ya tashi. Shekara biyu ina haka. Wallahi ko yanzu na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Da zuciyarsa ta kumbura aka kwantar da shi sati biyu a asibiti, sannan likita ya ja Perpetual gefe ya ce ta kai shi gida ya huta. Kowa ya gane irin hutun. Ranar Alhamis ya ce a kunna masa kwamfuta yana so ya ji Lucy. Perpetual ta danna, sai ga wani sauti daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, allon kuma baƙi ƙirin. Ta ƙwala mini kira. Ina jin sautin nan na zauna a bakin ƙofa, don duk wanda ya yi aikinmu ya san hard disk ne ke mutuwa.

Ranar Juma'a da la'asar muka taru a falonsa, kuma maimakon mu yi wani abu sai muka koma halinmu. Hanif ya ce a tura shi Legas wurin masu ɗakin gyara na musamman, sati uku an gama. Maitama ya ce a sa shi a firiza, sanyi zai sa ƙarfen ciki ya ɗan saki, ya juya na ɗan lokaci a kwashi abin da aka samu.

"Camfi ne wannan!" in ji Hanif. "Raɓa za ta shiga ta ƙarasa shi. Ka je ka karanta, kowa ya daina."

"Ni ba karatu na yi ba, oga, yi na yi. Sau biyu."

"Sau nawa ya yi aiki?"

"Sau ɗaya."

"To ka ji!"

Na ce musu dukansu ba su da kai, suka ce ai ni ce ya kamata in yi shiru, kuma gaskiyarsu ce. Muna cikin haka muka ji muryar Baba daga ɗaki, siririya, sai da Perpetual ta ce mu saurara.

"Hanif. Zo ka dube ni da kyau."

Hanif ya leƙa. Ƙafafun Baba sun kumbura sun yi sheƙi, an tokara masa filo uku don ya iya numfashi.

"Ka ga sati uku a nan?"

Hanif ya sunkuyar da kai.

"Ku sa shi a firiza. Na sani sanyi zai kashe shi, ni ma na yi aikin. Amma wataƙila zai yi magana kafin nan."

Abin da ya kai mu gaban firizar Perpetual da safiyar Asabar ke nan. Ba a yi awa ɗaya ba aka ɗauke wuta, Maitama ya hau babur ya sayo fetur, Hanif da ya ce camfi ne shi ya tsuguna yana jan igiyar janareto har rigarsa ta jiƙe. Na tsokane shi, ya ce shi kunun aya yake ceto.

Bayan mun yi azahar muka jawo ɗan tebur kusa da gadon Baba. Na buɗe laftof ɗina na shirya waya. Maitama ya shigo da gudu, ledar na tururin sanyi, ya yage ta da haƙori ya jona. Shiru. Sai muka ji ɗan ƙugi a hankali, abin ya fara juyawa.

"Ya tashi! Wallahi ya tashi!" Maitama ya daka tsalle.

Jakar ta bayyana a allo da sunanta, LUCY, fayil sittin da uku. A wurin aiki akwai abin da aka koya mana har ya zama jiki: idan na'ura na mutuwa, ka fara da ƙaramin fayil, ka tabbatar hanya na aiki, sannan ka ɗauki manya. Ban tsaya na tambayi Baba wace waƙa yake so ba. Na jera su bisa girma, na ja mafi ƙanƙanta, ya wuce nan take. Sannan na tattara sauran duka na ja.

Koren layin ya fito. Perpetual ta karanta wa babanta, "Ya ce saura minti biyar."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Maƙaryaci. Har nan ya biyo ni."

Layin ya ɗan matsa kaɗan ya tsaya. Ƙwas. Ƙwas. Maitama ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai lallashin jariri, yana cewa haba, haba, daure mana. Ƙugin ya yi ƙasa, ya ɗauke. Muka cire muka mayar sau huɗu, ko motsi.

Na duba abin da ya tsira. Fayil ɗaya tak, sunansa gwaji, tsawonsa sakan arba'in da ɗaya. Babu waƙa ko guda. Da na fara da waƙa ɗaya maimakon in kwaso duka, da ta shige. Na kifa kaina a kan tebur na fashe da kuka, ni da ba na kuka a gaban mutane.

"Murja." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana. "Kunna."

"Baba, gwajin makirfo ne kawai. Babu komai a ciki."

"Na ce kunna."

Na danna. Aka ji shuuu, sai muryarsa ta da, cike da ƙarfi.

"Testing, testing, ɗaya, biyu. Yana ji na kuwa?"

Can daga nesa murfin tukunya ya faɗi, sai wata murya ta ɗaga.

"Bernard! Tuwo ya yi sanyi fa. Ka bar akwatin nan ka zo."

"Saura minti biyar."

"Minti biyar ɗinka tun bara! To na ba Perpetual namanka."

"Kada ki kuskura!"

Sai takun silifas yana matsowa, da dariyarta dab da makirfo, irin dariyar nan mai ƙarewa da ɗan tari. Ya yanke.

Perpetual ta toshe bakinta da gefen zaninta. Baba idonsa a rufe, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, amma fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Na manta da wannan," ya ce. "Waƙoƙin nan, duk Kuje sun ji, a coci ta yi su. Wannan ni kaɗai aka yi wa. Sake."

Na sake. Na kuma sakewa. A karo na biyar Hanif ya gyara murya, shi ma idonsa ja.

"Baba, da wannan ɗan guntun ma AI zai iya koyon muryarta. In ka gaya mini kalmomin waƙoƙin, kafin magariba zan sa ta rera maka su."

Muka zuba wa Baba ido. Ya daɗe yana jan numfashi.

"AI ɗin ya taɓa cin tuwon Lucy?"

"A'a, Baba."

"To kada ya yi magana da bakinta. Bar mini ita yadda take." Ya miƙa hannu ya shafa kan Hanif. "Amma ka iya jan janareto, na yarda."

Da suka fita na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini, ni na ja masa. Ya ce haka ne, ni na ja, bai yi mini kara ba ko kaɗan. Sannan ya ce in yi backup ɗin yanzu, a gabansa, yana kallo. Na sa a wayar Perpetual, na sa a tawa, na sa a filashi na rataya masa a ƙusar da kalanda take. Yana ƙirgawa da yatsa.

"Uku. To, Hajiya Backup, yau kin ci sunanki. Na yafe."

Ya ƙara kwana uku. Fada ya zo ya shafa masa mai ranar Lahadi, matan zumunta suka cika tsakar gida da waƙa, ya saurara cikin ladabi, suna tafiya ya ce a mayar masa da tasa. Ranar Talata da hantsi ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki na ji Perpetual ta kira ni, ba da ƙarfi ba. Na same ta tsaye da kofin kunu a hannu. Wayar na kan ƙirjinsa, fayil ɗin na ta zagayowa, ƙirjin kuma ya daina ɗagawa. Ni na kashe wayar, ita ta rufe masa ido.

An binne shi a ƙauyensu, kusa da Mama Lucy. Mu uku muka tsaya a baya har aka gama. Maitama ya roƙi Perpetual ta bar mataccen hard disk ɗin a cikin kwamfutar, ya mayar da shi da kansa ya ɗaure kowane noti, ta lulluɓe ta da atamfar.

Asabar ta biyu bayan nan muka fito gindin yazawa, don ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Perpetual ta fito da kujeru huɗu kamar yadda ta saba. Hanif ya daɗe yana latsa waya, can ya ce wai an fitar da sabon update, kowa na ta yabo. Maitama ya buɗe baki ya rufe. Ashe duk jira muke Baba ya ɗaga hannu.

Hayaƙi na fitowa ta tagar kicin, Perpetual na tuƙa tuwo. Sai muryar ta fito daga wayarta, tar, har tsakar gida.

"Bernard! Tuwo ya yi sanyi fa."

Mu uku muka juya gaba ɗaya. Busasshen ganyen yazawa ne kawai a kan kujerar Baba, iska na ɗan motsa shi.