'Yan'uwan Garba Tanimu

Har na haura shekara hamsin ban taɓa jin cewa dangi sun yi min kaɗan ba. Rashin dangi ma hutu ne. Ba mai turo maka ɗansa ya yi hutun makaranta ya cinye maka shinkafa, ba mai kiran ka ɗaurin aure a garin da mota ba ta shiga. Ina aikina na kula da sito a wani kamfanin robobi a Sharada, in koma gidana a Na'ibawa, in ci tuwo in kwanta. Sai da 'yata Badi'a ta kawo saurayi na gane ashe da saura.

Yaron sunansa Abdulbaqi, mai hankali, ɗan cikin gari. Irin gidajen nan ne da in ka tambayi yaro sunansa zai jero maka kakanni har ka nemi wurin zama. Manyansa suka aiko cewa ƙarshen wata za su zo neman aure, a gaya musu wajen wa za su je. Kowa ya san uba ba ya zama a nemi auren 'yarsa a hannunsa. Wajen wansa yake tura mutane, ko ƙanensa, ko baffansa. Ni kuwa ni kaɗai iyayena suka haifa, kuma dukansu sun rasu.

"To wajen wa za ka tura su?" in ji matata Rakiya.

Na ce, "Liman."

"Liman ɗan'uwanka ne?"

"Ɗan'uwana Musulmi ne."

"Baban Badi'a, ba wasa nake ba. Gwaggon yaron ta tambayi 'yarka ku 'yan ina ne, ta ce Na'ibawa, mata suka fashe da dariya. Ta dawo ko abinci ba ta ci ba. Mutanen nan asali suke bincika. In ba ka kawo namiji daga dangin ubanka ba, janyewa za su yi."

Sai na zauna na tattara abin da na sani game da mahaifina, ban kuwa daɗe a zaune ba. Sunansa Garba Tanimu. Ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai tun yana saurayi har aka rufe ta. Yana da 'yar tsaga gajera a gefen kowane ido. In ka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Gabas," ya ƙara wa rediyo murya. Nakan ji ya ce "yayanmu wane" ko "ƙanenmu wane," amma ina yaro duk namijin da ya shigo zaurenmu Baffa nake ce masa, har mai gyaran fitila, don haka ban riƙe kowa ba.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Bompai. Masaƙar tana nan, sai dai yanzu buhunan taki ake ajiyewa a ciki. Maigadin bai kai shekarun takalmina ba. Ya ce shi bai san kowa ba, amma in tambayi Iya Kulu, wadda ta sayar wa ma'aikata shinkafa da wake a bakin get tun ana busa jiniya. Na same ta a wani lungu a bayan kamfanin, tana zaune a tabarma tana tsince zogale.

Na gaishe ta na ce, "Iya, kun san Garba Tanimu na masaƙa?"

"Wanne? Dogon ko gajeren?"

"Biyu ne?"

"Da wani mai yin Ingausa uku ne, amma shi bai daɗe ba."

Na ce mahaifina dai ba dogo ba ne, ba kuma gajere ba.

"To gajeren ne," in ji ta. "Mai cin wake ba yaji. Allah ya jiƙansa. Dogon wansa ne."

"Wansa? Shi ma Garba?"

"Eh mana."

"Iya, uba ɗaya ya sa wa 'ya'yansa biyu Garba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ruwa yake jiƙa mutum. Ta ce ita abinci ta sayar musu, ba ita ta raɗa musu suna ba. Dogon ya rasu, amma ƙanensu Inuwa yana nan a Sharada, bayan kamfanin alawa, yana sayar da itace.

Wato shekara da shekaru ina wuce baffana safe da yamma, wani lokaci har in yi masa hon ya janye itacensa daga hanya.

Da na faɗa wa Malam Inuwa sunana sai ya rungume ni ya fashe da kuka. "Ɗayyabu! Ɗan yayana! Kai ne ka yi tumbi haka?" Ni ma na yi 'yar ƙwalla, don ban taɓa samun wanda ya yi kuka saboda ganina ba. Sai da muka zauna a kan gungume na kalle shi sosai. Baƙi ne siriri, fuskarsa cike da zane tun daga goshi har haɓa, ba ta haɗa komai da ta mahaifina ba. Hausarsa kuma irin ta mutanen Damagaram.

Na ce, "Baffa, ina ne garinmu?"

"Ni dai Matamaye."

"Matamaye ta Nijar?"

"Akwai wata?"

Nan take na fara tunanin abin da zan gaya wa Rakiya, da kuma ko ya kamata in ji wani abu daban a jikina. Na ce, "Ashe mu mutanen Nijar ne."

"A'a, ni ne mutumin Nijar. Ubanka ba na ce ba. Kamar wajen Gumel, ko Ringim. Yana dai son fura."

"Amma ubanku ɗaya?"

"Ɗaya tak. Tanimu."

"Uwa fa?"

"Kowa da tasa."

"Gari kuma?"

"Kowa da nasa."

Na shiga ƙoƙarin hango wannan kaka nawa Tanimu, mutumin da ya bi gari gari har ƙetaren iyaka yana aure, yana sa wa 'ya'ya Garba. Na tambayi yawansu. Malam Inuwa ya fara lissafi da yatsu, ya gama da na hannu, ya kalli na ƙafa, sai ya ce in je wajen babban yayansu Yahaya a Challawa, shi ya san kan abin.

Da na koma gida Rakiya ta ce, "Ka samo?"

Na ce, "Na samo har sun yi yawa."

"'Yan ina ne ku?"

"Ana kan bincike. Akwai yiwuwar Nijar."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. Badi'a, da ke laɓe a bakin ƙofar ɗaki, ta saki labule.

Washegari na tafi Challawa. Tun kafin ka ga kamfanonin fata hancinka zai gaya maka ka iso. Gidan Malam Yahaya yana can bayansu, kusa da gonakin da ba a riga an yanka filaye ba. Tsoho ne fari, mai faɗin kafaɗa, idonsa ɗaya ya yi yana. Shi ba shi da tsaga ko ɗaya. Zuwa lokacin na daina sa ran ganin mai kama da mahaifina.

Na zayyana masa komai, har maganar auren. Ya saurara yana ɓare gyaɗa. Sannan na ce, "Baffa, don Allah ku warware min. Kakana Tanimu matansa nawa?"

"Ɗaya. Innata."

"'Ya'yansa fa?"

"Na cikinsa? Ni kaɗai."

Na ji kamar an zare min kujera, alhali a ƙasa nake zaune.

Ya ce, "Kai ba a gaya maka ba? Baba heduman ne a masaƙa, shugaban leburori. Mai masaƙar, wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, ya kafa doka: ba ya ɗaukar kowa sai ɗan ma'aikaci ko ƙanensa na jini, don in mutum ya saci yadi ya gudu a kama danginsa. To ga samari suna ta sauka daga ƙauyuka, suna kwana a bakin get da yunwa. Baba in ya ga yaro mai kunya sai ya kama hannunsa ya kai shi ofis ya ce, 'Ɗana ne.' A rubuta wane Tanimu. Har Kwaran ya taɓa ce masa, 'Tanimu, kai ba ka barci ne?'"

Ya yi dariya har da tari. Ni ban samu abin dariyar ba tukuna.

"To mahaifina daga ina ya zo?"

"Daga bakin get. Da damina ne, yana riƙe da buhu a ka. Ni na fara ganinsa."

"Kafin get ɗin fa, Baffa?"

"Wa zai tambaya? Baba ya hana. Ya ce duk wanda ya ambaci garinsu a cikin masaƙa ya tona mana asiri gaba ɗaya, kowa zai rasa aikinsa. Wa ka taɓa gani yana tambayar ƙanensa garinsu? Muka saba. Aka rufe masaƙa ma ba mu koma tambaya ba. Inuwa ne kawai bakinsa ba ya rufuwa."

"Wato ni ba jikan Tanimu ba ne."

"Wa ya ce? Da sunan wa ubanka ya ci abinci? Wa ya nema masa auren uwarka? Baba ne. Ni na ɗauki goron a kan keke." Ya watsa gyaɗa a baki. "Ka ce wa mutanen su zo nan. Wace rana ce?"

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na kashe babur, don na lura ina tafiya ban san inda na nufa ba. Na fita neman dangin ubana, na dawo har sunan da ke jikin katina na aiki ya zama na aro. Na yi tunanin in roƙi tsohon ya rufa min asiri, ya ce mu 'yan Gumel ne a wuce wurin. Na juya babur, na sake juyawa. A ƙarshe na gaya wa Rakiya an samu baffa a Challawa, sauran bayani sai a hankali. Ta ce wane bayani, na ce ni ma shi nake jira ya zauna min.

Ranar neman auren na je da wuri don in shimfiɗa tabarmi in ɓace, yadda uba yake yi. Na tarar zauren ya cika. Malam Yahaya ya aika wa 'yan'uwa. Ga Malam Inuwa da zanen fuskarsa, ga wani Buzu da rawani har hanci, ga wani Babarbare mai carbi, ga wasu tsofaffin da ban taɓa gani ba, kowa yana ce min "ɗan yayana" ko "ɗan ƙanena." Kafin in sulale motar baƙi ta tsaya, Buzun ya riƙe min riga ya ce in zauna a bayansa.

Alhaji Uba, baffan Abdulbaqi, ya shigo da mutanensa da ƙwaryar goro da alawa. Aka gaisa. Ya bi fuskokin zauren da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zaman hularsa.

Ya ce, "Masha Allah. Duk gida ɗaya?"

"Gida ɗaya," in ji Malam Yahaya.

"To, ba don wani abu ba, al'ada ce. Asalin gidan daga ina?"

"Bompai."

"Eh, nan aka yi aiki. Kafin nan fa?"

"Matamaye," in ji Malam Inuwa.

"Kai dai Matamaye," in ji Babarbaren. "Yi mana shiru, yaro."

"Wa ne yaro? Na riga ka shiga masaƙa!"

"Ka riga ni shiga, na riga ka zama ɗan Baba. Kai ai da farko ƙanen wani Sule aka rubuta ka."

Malam Yahaya ya ɗaga hannu, ya ba da labarin Kwara da dokarsa tun daga farko, bai rage komai ba, har buhun da mahaifina ya ɗora a ka. Tsofaffin suna ta gyara masa shekaru. Ni kuwa ina bayan rawanin Buzu ina ji ana kwance ni a gaban surukai. Alhaji Uba ya saurara har ƙarshe, fuskarsa irin ta mutumin da aka ba canjin kuɗin wata ƙasa. Sai ya leƙo ya same ni.

"Malam Ɗayyabu, gafarta, tunda kana nan. A cikin bayin Allahn nan, wanne ne ɗan'uwan mahaifinka?"

Gumel ta zo min har bakin harshe. Na tuna Badi'a a bayan labule. Na kuma ga tsofaffin duk sun juyo suna jira, kowa da tabbacin shi zan nuna.

Na ce, "Alhaji, na jini dai na nema ban samu ko ɗaya ba. Garinmu ma ban sani ba. Waɗannan su ne suka ce nasu ne tun ba shi da ko takalmi, kuma har yau ba su janye ba. Abin da nake da shi ke nan."

Alhaji Uba ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa da na kusa da shi, wani dattijo mai farin gemu. Dattijon ya tambayi ko an taɓa kama ɗaya daga cikin 'ya'yan Tanimu da satar yadi.

"Ko zare," in ji Malam Yahaya.

"Inuwa ya taɓa ɗaukar tsumma," in ji Babarbaren.

"Na shara ne, munafuki!"

Dattijon ya yi murmushi a cikin gemunsa, ya gyaɗa wa Alhaji Uba kai. Alhaji ya numfasa ya ce, "To. Mu dai mun zo nema wa ɗanmu Abdulbaqi auren 'yarku Badi'atu. Sai dai ban san gaban wa zan ajiye goron ba."

Bai ƙarasa ba Malam Yahaya ya jawo ƙwaryar gabansa ya ce, "Mun ba ku." Aka shafa fatiha.

Da baƙi suka tafi na fita waje na kira Rakiya na ce an bayar. Na ji guɗa ta tashi a bayanta. Da ta lafa ta ce matan gidan su yaron za su tambaye ta gobe, me za ta ce musu, mu 'yan ina ne? Na ce ta ɗan riƙe, na leƙa zaure in tambaya. Na tarar ana rabon goro, Buzun da Malam Inuwa suna jan alawa ɗaya, kowa yana cewa shi ne babba.

Na ce mata, "Ki ce su zo su gani da idonsu."