Hoton Babi na Bakwai

Da aka ba ni kwas ɗin ɗa'ar aikin lafiya na 'yan aji biyu, sai na jibge littattafai shida a tebur don in zaɓi wanda ɗalibai za su karanta. Na shidan na Farfesa ne, shugaban sashenmu, tsohon likitan tiyata. Bai ce dole ba, amma sau uku yana leƙowa ofishina, wai ko na samu sukunin dubawa.

Na duba kuwa. A babi na bakwai, wanda ke magana kan sirrin majiyyaci, ga hoton wata mata zaune a gadon asibiti, ba riga, an cire mata nono ɗaya. An ja baƙin layi a kan idanunta. A wuyan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna mai kusurwa uku. Ni na yi mata shi da dutsen guga ina 'yar shekara tara. Yayata ce.

Yayar da ko a gabana ba ta ƙara sauya kaya ba tun da aka yi mata aikin! Ga shi 'yarta, Auta, tana cikin ajin da zan koyar. Na ɗauki littafin na nufi ofishin mai shi.

Na tarar da Farfesa yana sakace bayan abincin rana.

"Ranka ya daɗe, matar nan ta yarda a buga hotonta?"

"Haba Malama, ai an rufe mata ido."

"Yayata ce."

Ya cire tsinken, ya duba bakinsa. "Ikon Allah! To ki gaishe ta. Aikin nan ya yi kyau sosai, dubi ɗinkin."

Dubi ɗinkin! Mutumin da ya rubuta shafi talatin kan mutuncin majiyyaci ke nan. Ƙyamarsa ta kama ni, na fita ban ko yi masa sallama ba.

Na soke littafin daga jerina, na sa biyu daga cikin sauran. Na san ƙarin girmana yana hannunsa, oho. Ni dai kada Auta ta gani.

Washegari da safe sai ga ta a ofis. Yarinya ce mai zumuɗin karatu. Da ta ji 'yan aji uku suna cewa kullum littafin Farfesa ake sawa, sai ta aro shi daga laburare tun hutu. Ta ajiye mini shi a buɗe, a babi na bakwai. Ta yanko farar takarda ta manna da salatif, daga wuyan matar har cibiya.

"Anti, akwai kwafi huɗu a laburare, duk na bi su," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Don Allah kada ki gaya wa Mama."