Ɗan Baƙi Ya Daina Tsalle

Ni dai na sha faɗa, a gida da waje, cewa kare ba abokina ba ne. Don gadi na kawo shi, ba don zumunci ba. Sai dai Ɗan Baƙi bai taɓa fahimtar wannan bayani ba. Da ya ji motsin makullina sai ya taso a guje, ya daka tsalle, ya ɗora min ƙafafu a ƙirji, ni kuwa in yi ta masifa ina kakkaɓe riga. A irin wannan tsallen ne wata rana ya dira a karkace, ya yi ƙara, ya ɗage ƙafar baya.

Likitar dabbobi, mace ce marar son dogon zance, ta lallatsa gwiwar ta ce jijiyar da ke riƙe da ita ce ta tsinke. Ƙaramin kare, in ji ta, hutu da rage ƙiba kan ishe shi. Matsakaici a ɗaure masa gwiwar da zare mai ƙarfi. Amma ƙato irin namu, gara a yanka ƙashin ƙaurin, a gyara masa zama, a kama shi da ƙarfe da sukurori.

"Ashe aikina ne," na ce, da yake kafinta ne ni. "Haka nake yi wa ƙafar tebur."

"Tebur ba ya tsalle, Malam. Wata biyu ba gudu, ba tsalle, in ba haka ba aikin ya lalace, ya gurgunce. Wa yake yi wa tsalle a gidan?"

Na soma kame-kame. Uwargida ta nuna ni da haɓa.

"Shi kaɗai. Mu da ke ba shi abinci ko kallo ba mu ishe shi ba."

Haka na fito daga asibitin, ni ne cutar. Bayan aikin aka kafa min doka: in shigo shiru, kada in kalle shi, kada in kira shi. Na ce wannan ai abin da nake nema ne tun tuni.

Ƙarya nake. Ga ni, magidanci da furfura, ina naɗe makulli a hankici, ina cire takalmi tun daga waje, ina saɗaɗawa cikin gidana kamar ɓarawo. Shi kuma yana cikin kejin da na ƙera masa da hannuna, ƙafa a aske, an sa masa wata roba a wuya kamar mazurari. In ya ji ƙamshin katako a jikina ya yunƙura, sai in kau da kai in wuce. Kukan da yake yi ƙasa-ƙasa har cikin raina nake jinsa. Uwargida ta kama ni ina leƙensa ta tagar kicin.

"Maigida, me ake nema?"

"Ƙusar keji nake dubawa."

"Daga nan? Lallai idonka ya gyaru."

A hankali ya daina yunƙurin. Na yi ta yabon kaina, wai na iya tarbiyya.

Ranar da likita ta duba hoton ƙashi ta ce ya haɗe, an ɗage doka, da wuri na rufe shago. Har tsohuwar riga na sa, don kada a ɓata min ta kirki. Na karkaɗa makulli, na buga ƙofa, na yi gyaran murya, na tsaya tsakar gida na ware ƙirji.

Ɗan Baƙi na kwance a inuwa. Ya ɗago kai, ya buga jela a ƙasa, sannan ya kau da fuska, yadda na koya masa.

Na daɗe a tsaye kamar wawa. Daga baya na taka na je na durƙusa a gabansa, gwiwoyina suna ƙara.

"Haba, Ɗan Baƙi," na ce. "Ni ne fa."