Bindiga a Ƙugun Dillali

Akwai wani ciwo da yake kama mutum idan ya ɗan samu sarari, ciwon girman ido. Mai shi ba ya tambayar abin da zai amfane shi, sai dai abin da ya fi na kowa girma. In ka ce masa ya bari, ya ce baƙin ciki kake yi masa. Wannan ciwon ne ya kama Muntaka dillali, kuma shi ya kai shi ƙasa.

Muntaka dillalin shanu ne a karar Shuwarin, gidansa kuma yana wani gari tsakanin Kiyawa da Jahun. Ba shi da garke nasa na kansa. Jarinsa duka amana ce. Fulanin rugar Ardo Bubayero kan miƙa masa igiyar bijimi su juya abinsu, ba takarda ba shaida, sai ya sayar ya kai musu kuɗin. Manoman garin ma shi suke nema idan za su sayi shanun huɗa. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, saboda haka yana jin Fillanci kamar Hausa. Shekara ashirin da biyu, duk sa'ad da shanu suka yi ɓarna a gona, shi ake sawa a tsakiya, kuma ɓangarorin biyu suna karɓar maganarsa. Da wannan yardar yake ci, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Wata Litinin 'yan fashi suka tare wani falke a hanyar dawowa daga kasuwa, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Muntaka ba ya wurin, a majalisa ya ji labari. Amma tun daga ranar zama ya gagare shi. In yana kan babur sai waige, in ya ga mutum biyu a gindin bishiya sai ya ƙara wuta. A majalisar nan wani mai yawan surutu ya ce ai manyan Dutse duk da bindigarsu a ƙarƙashin riga, shi ya sa ba a taɓa su. Ƙarya ce ko gaskiya, Muntaka bai bincika ba. Maganar ta shige shi ta zauna.

Ya san hukuma ba ta yarje wa irinsa riƙe bindigar ƙugu ba. Don haka sai ya nufi wani ƙauye a bayan Kiyawa, wurin Sharhabilu maƙeri. Aikin Sharhabilu na fili shi ne fartanya da lauje da gyaran bindigar maharba. Abin da yake yi a ɗakin baya kuwa, wanda ya sani ya yi shiru.

Sharhabilu ya ja masa rai, ya rantse ba ya irin wannan aiki. Da ya ga mutumin ba tashi zai yi ba, sai ya shigar da shi, ya warware wani tsumma a kan tabarma. Bindigogi uku ne. Ta fari ba ta wuce tafin hannu ba. Ta biyu ta ɗan ɗara ta. Ta uku kuwa wata ƙatuwa ce mai faɗin baki, wadda take cin harsashin bindigar farauta, ƙotarta ta icen kirya.

Maƙerin ya turo masa ƙaramar. Ya ce in dai ɓoyo ake so, wannan ce, ta shige aljihun 'yar ciki ba wanda zai sani. Muntaka ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce wannan ai ta korar ɓera ce. Ya ɗauki ta biyu ya ajiye. Da ya ɗaga ta ukun, hannunsa har ya ɗan yi ƙasa don nauyi, amma fuskarsa ta washe. Ya zura babban yatsansa a bakinta, ya shige.

"Ga bindiga," in ji shi. "Wanda ya leƙa wannan ramin ai sai ya yi salati."

"Alhaji, wa zai leƙa? Ka ce mini ɓoyewa za ka yi."

"Babbar riga gare ni, Malam Sharhabilu. Akuya ma sai ta ɓuya a ciki."

"To ai rigar ba ita za ta ɗauka ba, ƙugunka ne. Kai mutum ne mai yini a tsaye cikin jama'a. Wannan ta mai gadin gona ce, ta jingina a bukka."

Muntaka ya ce shi bai zo neman shawara ba. Sharhabilu ya naɗe sauran biyun, ya ce to shi ke nan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tun a hanyar komawa gida ta fara nuna masa halinta. Ya soke ta a ƙugun dama, zariyar wando ta riƙe, sai bakinta ya riƙa sukar cinyarsa duk inda babur ya faɗa rami. Ya tsaya ya mayar da ita hagu. Kafin ya kai Kiyawa ya sake tsayawa ya mayar da ita baya. A bayan ma ta hana shi zama daidai, ya taho a karkace kamar mai maruru.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Washegari a kara, wani abokin sana'arsa ya zo zai rungume shi kamar yadda suka saba, Muntaka ya yi tsalle baya har ya taka kashin shanu. In an zo tsayar da ciniki, hannunsa ɗaya yana wajen mai saye, ɗayan yana dafe da ƙugu. Rana ta yi zafi, kowa ya tattare riga a kafaɗa, shi kuwa ya sake tasa har ƙasa yana gumi. Ya daina zama a kan tabarma cin tuwo da mutane. Da lokacin azahar ya yi, ya tsaya a sahu, ya ji in ya yi ruku'u abin zai sulluɓe, sai ya zame ya ce alwalarsa ta karye. Daga nan ya koma yin salla a ɗaki shi kaɗai, mutumin da tun yana saurayi ba a rasa shi a sahun gaba.

Kuma tsoron da ya saye ta dominsa bai tafi ba, ƙaruwa ya yi. A da 'yan fashi kaɗai yake tsoro. Yanzu in ya hango shingen 'yan sanda sai ya yanki daji. In keke napep ya tsaya a ƙofar gidansa sai gabansa ya faɗi.

Matarsa Kubura ita ta fara ganewa. Ta ga fatar ƙugunsa ta saɓule, ta ga wanduna biyu sun yage a wuri ɗaya. Da ta matsa masa sai ya nuna mata bindigar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ya kai ta masai ya jefa, ko ya mayar wa mai ita. Ya ce mata ba ta san duniya ba.

"Na dai san ka, Baban Safina," in ji ta. "Kwana tara ke nan ban ga ka zauna ka ci abinci ka ƙoshi ba. Ita ke tsaronka ko kai ke tsaronta?"

Ya ja riga ya fita.

Ana cikin haka, gero ya fara nuna, shanun rugar Ardo Bubayero suka kuɓuce wa mai kiwonsu suka shiga gonaki uku. Masu gona suka kama makiyayin suka fasa masa kai. Ruga ta ɗau zafi, gari ma ya ɗau zafi. Maigari ya aika a zauna sulhu ranar Alhamis da hantsi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, kuma kamar kullum aka ce Muntaka ne a tsakiya.

To, zaman sulhu a garin nan yana da ƙa'ida tun ta kakanni. Ba a zama da makami. Manomi ya ajiye gatarinsa da laujensa, Bafulatani ya ajiye wuƙarsa da sandarsa. Kowa ya san Bafulatani ba ya rabuwa da sanda, ko masallaci zai shiga a bakin ƙofa yake jingine ta inda idonsa zai kai. Amma a wannan zaman yakan miƙa ta, don mutumin da yake karɓa amintacce ne. Mai shiga tsakani shi ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana karɓa, ya tara a gefe can nesa, sannan ya dawo ya shaida wa Maigari cewa ba ƙarfe ba ice a jikin kowa.

Da safiyar ranar Kubura ta tsaya a bakin zaure ta miƙa hannu, ta ce ya bar mata ita za ta tura a ƙasan buhun dawa. Sai ya ce zaman yau da zafi, ba a san abin da zai faru ba, kuma wa zai gani? Ya ƙara tamke zariya ya wuce.

An taru, mutum ya fi arba'in. Muntaka ya bi layi yana karɓa. Wani matashin makiyayi ya ƙi sakin tasa sandar, sai da Muntaka ya yi masa magana da Fillanci, ya ce kunya ce ya riƙe ice alhali kowa hannunsa wayam. Ardo Bubayero, tsoho mai shekara kusan tamanin, da sandar yake dogarawa, amma shi ma ya miƙa, aka kama shi aka zaunar. Muntaka ya kai tarin can bayan rijiya, ya dawo ya tsaya gaban manya ya ce ba ƙarfe ba ice.

Saura gaisuwa. Ba a gaida Maigari da Ardo a tsaye, kuma ba a yi musu rabin durƙuso. Kwana goma sha ɗaya yana kauce wa durƙuso, yau ba hanya. Ya tattara riga, ya dafe ƙugu da gwiwar hannu, ya yi ƙasa a hankali. Zariyar nan da ta sha nauyi ta sha gumi ta ce ɗas. Abin ya sulale ta ƙafar wando, ya faɗo tim a kan tabarma, bakinsa yana kallon ƙafafun Ardo.

Bindigar ba ta tashi ba. Da ƙaramar ce, wataƙila ya take ta da ƙafa ya rufe da riga. Wannan ba ta takuwa. Na can ƙarshen taro ma sun gan ta.

Fulani suka waiwaya suna auna nisan da ke tsakaninsu da sandunansu. Manoma suka soma miƙewa, wani a cikinsu yana cewa dama Fulani dangin uwarsa ne, su ya zo tsaya wa. Ta can gefen ruga kuma ana cewa ya kwashe musu sanduna ne don a yi musu yankan rago. Muntaka yana durƙushe, hannu ɗaya riƙe da wando, yana rantsuwa cewa ta 'yan fashi ce, ba ta kowa a nan ba. Ba mai sauraro.

Ardo ya ɗaga hannu, mutanensa suka tsaya. Ya daɗe yana kallon bindigar, sannan ya ɗago.

"Muntaka, ɗana, da bakinka ka ce ba ƙarfe."

"Baffa, wallahi ba don ku ba ne."

"Ban tambaye ka don wa ba. Na ba ka sandata, ka bar ni ba na iya tashi sai an ɗaga ni. Kai kuma ka zauna a gabana da wannan." Ya juya wajen Maigari. "Ranka ya daɗe, a miƙo mini sandata. In za a sake zama, a nemo wani."

Maigari ya sa aka rufe bindigar da kwando, ya aika aka kira hukuma, don abin da mutum arba'in suka gani ba ya binnuwa. An yi sulhun bayan mako biyu, limamin gari ne ya shiga tsakani.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Muntaka ya yi wata bakwai a tsare kafin a sako shi. Shanu goma sha huɗu da aka ba shi ya sayar, masu su sun zo sun kwance abinsu tun ranar Juma'a. Ruga biyar da yake yi wa dillanci duk sun koma hannun wani. Inuwar da yake zama a kara shekara ashirin da biyu, an shimfiɗa wa wani buzu a wurin. Babur ɗin an sayar an biya kuɗin shari'a. Manoma sun daina aiko masa, Fulani in sun gan shi a hanya sukan amsa sallama su wuce. Bindigar kuwa tana hannun hukuma, ko sau ɗaya bai harba ta ba.