Bututu Huɗu, Baki Talatin da Ɗaya

Don mutum goma sha biyu aka gina gidan. A watan Yulin 2020 mu talatin da ɗaya ne a ciki. Da korona ta shigo aka rage cunkoson gidajen yari, duk wanda aka saki bisa talala kuma ba shi da adireshin da jami'ai suka amince da shi, nan unguwar Kwazakhele ake kawo shi, gida mai koren ƙyaure da wata ƙungiyar agaji ke riƙe da shi. Takardar da muka sa wa hannu ta ce ba kurkuku ba ne. Ta kuma ce wanda ya saɓa doka sau uku, motar da ta kawo shi ita za ta mayar da shi.

Banɗaki uku ne, biyu sun toshe tun Afrilu. Famfo yana kawo ruwa awa biyu da safe. Mutum takwas ke kwana a ɗakinmu, katifa na taɓa katifa, tagar a rufe saboda sanyi, bango ya yi baƙi da danshi. Wani coci ya aiko da kwalaben sanitaiza. Mista Jafta, manajan gidan, ya karanta jikin kwalba ya ga kashi saba'in barasa ce, ya kulle su duka a kabad ɗin ofis. Doka ta hana barasa a gidan.

Dokar nan ita ta haifi layin ƙarfe biyar. Kowace yamma mukan jeru a baranda bisa harafin sunan mahaifi, kowa ya hura iska cikin na'urar gwajin giya, Mista Jafta ya rubuta lambar da ta nuna a rajista. A ƙa'ida kowa da sabon bututun roba, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Mista Jafta ya ce sababbin sun ƙare, kullen korona ya hana a kawo wasu. Saura huɗu. Yana ajiye su a gwangwanin madara mai ruwa, wanda ya gama hurawa ya jefa ciki, shi kuma ya tsamo ɗaya da yatsa ya miƙa wa na gaba. In yana sauri ko gwangwanin ba a bi. Ni Zondani ne, ni ke hurawa a ƙarshe.

"Kai ne mai suɗe tukunya," in ji Sonwabo Maneli, tsohon ɓarawon mota, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Bayan Maneli a layi sai Fezile Mapisa, wanda muke kira Tata, wato baba. Shekararsa sittin da ɗaya, ya yi goma sha huɗu a ɗaure, tarin fuka ya cinye masa rabin huhun hagu tun yana ciki. Ɗan cocin Ziyon ne, giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, kowa ya sani har da Mista Jafta. Saura masa mako bakwai ya koma wurin 'yarsa Nosicelo a unguwar Motherwell, in rajistarsa ta fita fes. Nosicelo ta riga ta share masa ɗakin baya ta sayo bargo.

"Ni da kai, Tata, mun fi mata da miji," Maneli yakan ce masa. "Kullum sai ka sumbace ni ta roba."

"Matar da ke wari irinka da tuni na kai ta gidansu," Tata yakan amsa.

Ranar Lahadi Maneli ya fara tari. Litinin ya ce pap ɗin da aka dafa, tuwon masarar nan, ba gishiri, alhali mu duka muna shan ruwa saboda gishirinsa. Da zazzaɓi ya rufe shi aka kai katifarsa ɗakin wanki, aka ce ya killace kansa. Ƙarfe biyar na Talata Mista Jafta ya aika a fito da shi layi, domin rajista ba ta da gurbin mara lafiya. A makon ne aka sake hana sayar da giya a faɗin ƙasar.

Maneli ya hura, tari ya sarƙe shi a tsakiya, ya sake hurawa. Mista Jafta, da takunkumi biyu a fuskarsa da safar hannu, ya tsoma bututun a gwangwani ya fito da shi ya miƙa wa Tata.

Tata ya dubi bututun, hannayensa a baya.

"Yau ba zan hura ba, Bhuti," ya ce, wato ɗan'uwa.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ita nake so ta zauna."

"Tata, ka san dokar. Wanda ya ƙi hurawa, daidai yake da wanda aka kama ya sha."

"Ka taɓa jin warin giya a bakina?"

"Hancina ba ya rubutu a rajista."

Ya rubuta "ya ƙi" da jan biro. Sauranmu muka hura. Ni ma na hura.

Washegari Tata ya zo layi da abu a aljihu. Biro ya samu, ya zare tawadar, ya tafasa kwanson a tukunyar shayi, ya naɗa masa zare a baki har ya shiga ramin na'urar daidai. Ya kwashe rabin yini yana wannan aiki.

Mista Jafta ya juya shi a hannu. "Wannan fa?"

"Nawa ne ni kaɗai. Iska dai kake so, ko?"

"Ba na kamfanin da ya yi na'urar ba ne. In ta nuna sifili da wannan, sifilin ba shi da amfani."

"To a tafasa waɗancan huɗun."

"Roba ce, za ta narke. In sun narke da me talatin da ɗaya za su hura?"

"To ka ɗebo kwalba ɗaya daga kabad ka goge su."

Mista Jafta ya yi dariya a bayan takunkumi. "In goge bututun gwajin giya da giya? Sai dukanku ku faɗi, Tata. Taimakonku nake yi."

Maneli, wanda ke jingine da bango yana rawar sanyi, ya ce, "Shugaba, bar dattijon nan ya wuce gabana mana. Ma da Ma ne, rajista ba za ta ji ciwo ba."

"N kafin P," in ji Mista Jafta, ya rubuta "ya ƙi" na biyu.

Wayoyinmu a ofis suke kwana, minti goma ake ba kowa da safe. Ran Alhamis Tata ya kashe nasa wajen kiran Misis Ralo, jami'ar da ke kula da talalarsa. Ina tsaye kusa ina jiran tawa wayar. Daga gida take aiki, an dakatar da ziyara tun farkon kulle. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce abin bai dace ba, ta ce ya rubuto ƙorafi, za a duba cikin kwana ashirin da ɗaya.

"Mama, ni ƙarfe biyar na yau nake magana."

Ta ce in rajista ta iso teburinta da ƙi uku, ba ta da hanyar da za ta ƙi sa hannu.

Saura minti biyu ya kira Nosicelo. Bai gaya mata komai ba. Ya tambaye ta ko tagar ɗakin baya tana buɗuwa, ta ce tana buɗuwa.

Na rubuta masa ƙorafin da rana, shafi ɗaya: yawan mutane, yawan banɗaki, yawan bututu, ranakun. Ƙa'ida ta ce ta hannun manaja ƙorafi ke fita. Mista Jafta ya karɓa ya buga masa hatimi ya sa a aljihun tebur.

Kafin biyar na tarar da Tata a bayan gida, kusa da kwatar da ta cika, yana zaune a kan bulo.

"Zondani, kai da ka yi boko, can kurkuku da nan ina cutar ta fi yawa?"

"Ban sani ba, Tata."

"Can mu hamsin ne a ɗaki. In na koma, saura shekara huɗu. Huhun nan ba zai yi shekara huɗu a can ba. Nan kuwa hurawa ɗaya ce."

"Ɗaya kowace rana."

"Na iya lissafi, yaro."

A layi Maneli ya hura, ya riƙe bututun bai sake shi ba, ya goge shi da gefen rigarsa sosai kafin ya jefa a gwangwani. "Ka yafe ni, Tata," ya ce, ba wasa a muryarsa.

Tata ya karɓa ya hura. Na'urar ta nuna sifili. Mista Jafta ya rubuta da baƙin biro ya ce, "Ka gani? Abin bai kai minti ɗaya ba."

Ba zan ce daga bututun ya kamu ba. Mu takwas ne a ɗaki, banɗakinmu ɗaya, ba wanda ya auna ruwan gwangwanin. Abin da zan iya faɗa shi ne ranaku. Ya hura ran 16 ga Yuli. Ran 21 zazzaɓi ya kama shi, aka kai katifarsa ɗakin wanki. Ran 22 da 23 mutum biyu suka riƙo shi zuwa layi. Ran 24 numfashinsa bai kai ya motsa na'urar ba, ta yi ta ƙara tana neman ƙarin iska. Mista Jafta ya tsaya da biro a sama, ya kasa sanin wane launi zai yi amfani da shi, sannan ya kira motar asibiti. Tata ya rasu ran 29. Maneli ya warke. Mutum goma sha tara gwaji ya nuna sun kamu.

Ran 6 ga Agusta masu bincike uku suka zo daga uwar ƙungiyar. Tun safe aka kira mai gyaran banɗaki, aka jera kwalaben sanitaiza a baranda, aka ce mu yi layin biyar da ƙarfe goma sha ɗaya don baƙi su gani. Mista Jafta ya fito da kwali daga kabad ya yanke salatif ɗinsa da wuƙa. Bututu ɗari biyar ne, kowanne cikin ledarsa. Da yake ni ne na ƙarshe, kwalin yana kusa da ƙafata lokacin da na hura. Takardar isowa tana manne a gefensa da sa hannun Mista Jafta. Ranar 2 ga Yuni.

Bayan baƙin sun tafi na tambaye shi.

"Mutum talatin da ɗaya, kwana goma sha shida za su cinye kwalin nan," ya ce. "In bincike ya zo babu ko ɗaya, rufe gidan za a yi, dukanku ku koma. Ku ba ku san abin da nake tare muku ba."

Ya ajiye gwangwani a kan tebur ya ce kowa ya dawo da nasa bututun. Maneli ya sa nasa a aljihun riga ya ɓalle maɓalli. Na bayansa ma haka, har layin ya iso kaina. Mista Jafta ya ɗauki jan biro, ya dubi sunaye talatin, ya ajiye.

Nosicelo ta zo ran Asabar. Ba a bar ta ta shigo ba, ta ƙarƙashin ƙyaure aka tura mata jakarsa. Ta buɗe a nan bakin titi: riga biyu, Baibul, takalmi, da kwanson biro mai zare a baki. Ta ɗaga shi ta tambaye mu ta tsakanin ƙarafa mene ne wannan.

Maneli ya juyo ya dube ni. Ni na gaya mata, da ranakun.