Kibod ɗin Kwali

Makarantar su Auta ta fara ba da satifiket na aikin kwamfuta ga 'yan ajin ƙarshe. Kwamfutoci huɗu ne, ɗalibai saba'in, kuma shugaban makaranta ya lulluɓe su da leda ya kulle ɗakin, wai kada su lalace kafin masu dubawa su zo. Sai malamin kwamfuta ya ce kowa ya zana kibod a kwali, ya koya a gida.

Baban Auta mai rubuta allunan shaguna ne. Ya ce 'yarsa ba za ta koya a kan zanen yara ba. Ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, ya zaro wani mataccen kibod daga tarkace, ya auna kowane maɓalli da rula, ya kwafe shi a kwalin firiji. Har inuwa ya yi wa haruffan.

"Maigida, wannan ai ya fi nawa kyau," in ji mai rediyo. "Saura ka zana mata wutar lantarki."

A cikin unguwa akwai asibiti da ke neman mai shigar da sunayen marasa lafiya a kwamfuta. An ce wa Auta ta kawo satifiket, kujerar tata ce.

Wata bakwai tana bugun kwali. Dokar malam ɗaya ce: ido a kan takardar da ake kwafa, wanda ya kalli hannunsa ya sha rula. Auta ba ta taɓa shan rula ba.

Ranar jarrabawa aka kai su wata cibiya mai kwamfutoci na gaske. Minti goma aka bayar. Ta kafa ido a takarda, yatsunta suka yi ta gudu, ta riga kowa gamawa. Sai da ta ɗaga kai ta ga abin da ta rubuta. Da ƙyar ake samun kalma uku a jere da za su karantu.

Ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofa da takalmanta.

"Baba, wallahi ban kalli hannuna ba ko sau ɗaya."

Washegari uban ya naɗe kwalin ya kai wa malam. Malam ya buɗe ɗakin da ake kullewa, ya yaye leda, ya ajiye kwalin kusa da kibod na gaske. Haruffa biyar ba a wurinsu suke ba, har da waɗanda aka fi bugawa.

"Ina ka samo wannan?"

"Daga wani kibod na kwafo shi, a shagon maƙwabcina."

"Na wata ƙasa ne. Su haka suke jera nasu."

"Malam, wata bakwai tana zuwa da shi aji. Ba ka duba ba?"

"Kwali saba'in zan duba? Naka ma da na gan shi, ɗaga shi na yi na nuna wa aji don kyau."

"To a sake mata jarrabawar."

"Sai ɗan makaranta ke zaunawa, ita kuwa ta gama. Kuma gaskiya, wanda bai iya komai ba ya fi ta sauƙin koyarwa. Hannunta ya riga ya haddace."

A hanyar gida uban ya bi ta gaban asibitin. Ta taga ya hango wata yarinya a kujerar, tana laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Ya tarar da Auta tana wanke kwanuka.

"Me malam ya ce, Baba? Ni ce na ruɗe, ko?"

Ya daɗe yana goge fenti a farcensa.

"Ajiye kwanon nan," ya ce. "Zo ki zauna."